Abin da Na Gani a Rumbun Babana

Da wuya mako ya wuce wani yaro ko wata yarinya ba su turo mini saƙo a waya ba, tambayar kuma ɗaya ce: suna son zama marubuta, amma ba su san a kan me za su yi rubutu ba. Wani har cewa yake garinsu ba abin da ke faruwa in ban da ranar kasuwa da ranar suna. Nakan yi dariya ni kaɗai, don da bakin nan nawa na taɓa faɗin haka a kan Kusada. Sai in ce musu su nemo gwangwani. In sun ce gwangwanin me, in ba su labarin malaminmu na Hausa. Amma rabin labarin nake ba su. Ɗaya rabin ban samu izinin faɗarsa ba sai bana.

Ina da shekara goma sha shida lokacin, ina sakandare a Kankiya. Wajen goggona nake zaune, ƙanwar babana da ke aure kusa da tasha. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci in nemi motar Kusada in tafi gida, Lahadi da la'asar in dawo da ƙullin kuka da daddawa da Inna ta ba ni in kai wa Goggo. Ni ne ɗan fari, saboda haka ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga," shi ne sunana a bakinta har yau da furfura ta fara fito mini.

Malamin nan namu dogo ne siriri, ɗan gidan malamai a cikin Kankiya, mai tsohon babur da sai an tura yake tashi. Ba ya duka, amma gara ya dake ka da ya yi maka ba'a a gaban aji. Yana da wani babban gwangwanin madara da ya cika da 'yan takardu a nannaɗe kamar na kuri'a. Kowace Litinin sai ya girgiza shi, ya bi mu layi-layi kowa ya sa hannu ya zaro. Abin da ka zaro shi za ka rubuta a kai, shafi biyu, ka kawo Litinin ta gaba. Ba manyan abubuwa yake rubutawa a ciki ba. Takalmin da ya fi tsufa a gidanku. Hannun mai sayar da ƙosai. Abin da kakarka ke ajiyewa a ƙarƙashin gado. Yadda ake ciniki da mai awaki in ba ya son sayarwa. Dokarsa ɗaya ce: kada ka rubuta abin da ba ka gani da idonka ba, ba ka taɓa da hannunka ba.

Ni kuwa dokar nan ta tsaya mini a wuya. Ina da littafi mai shafi tamanin da na cika da labarin wani Alhaji mai bene hawa uku a Abuja, da 'yarsa mai jar mota. Ko Kano sau ɗaya na taɓa zuwa, shi ma rakiyar mara lafiya, amma a ganina ni ne marubucin ajin. Wata rana na yi ƙarfin hali na kai wa Malam littafin. Ya karanta shafi uku a tsaye, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wanga bene naka, matakala nawa gare shi?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ka taɓa hawa bene?"

"A'a, Malam."

"To sauko tun ba ka hwaɗo ba."

Ya miƙo mini littafina. Na yi kwana uku ba na gaishe shi da fara'a, shi kuwa ko a jikinsa.

Litinin ɗin da nake son ba da labarinta damina ta kankama, gero ya wuce gwiwa. Na sa hannu a gwangwani na zaro, na warware, sai na ga an rubuta: rumbun gidanku. Raina ya ɓaci. Abokin zamana ya samu direban motar Kano, abin da mutum zai baje kolinsa a kai. Na lallaɓa shi mu yi musaya, har na yi masa alkawarin gyaɗa, Malam ya hango mu daga gaban allo ya ce kuri'a ba a sauya ta. Na ce a raina, to, rumbu yake so, zan kawo masa rumbun da zai rufe masa baki.

Wanda ya tashi a birni ba zai san matsayin rumbu a gida irin namu ba. Namu na ƙasa ne, a tsakar gida, bisa duwatsu, da jinka a kansa, ƙofarsa kuma daga sama take. Ba mai buɗe shi sai maigida. Duk bayan kwana biyu ko uku Baba zai jingina tsani, ya ɗaga jinka, ya ciro damin gero ya miƙo wa Inna a sussuka. Ba a tambayarsa saura nawa. Mace ba ta leƙawa, yaro ba ya leƙawa, ko ɗan'uwa na jini ba ya leƙa rumbun ɗan'uwansa. Na san wannan sarai. Abin da na ɗauka shi ne irin dokokin nan ne na manya marasa dalili, kamar hana yaro zama a bakin ƙofa.

Ranar Asabar muna gona muna maimai, wato noma na biyu, wajen hantsi Baba ya aike ni gida in ɗauko mana fura. Na tarar Inna ta shiga maƙwabta barka, ƙannena duk sun bi ta. Gida shiru, sai kaji. Na jingina tsani, na ture jinka gefe, na zura ƙafafuna na dira ciki.

Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin wurin, ƙanshin tsohon gero da busasshiyar ƙasa, da wani ɗumi mai daɗi. Haske na saukowa ta bakin rumbun, ƙura na yawo a cikinsa. Na tsaya, kaina bai nutse ba, ina iya hango dangar gida. Na ƙirga dammunan, bakwai ne, an jera su a kewaye da kyau. Sai na ji ƙarƙashin ƙafata yana lotsawa. Na durƙusa na duba, ashe kara ne, karan dawa, an kakkarya an shimfiɗa an danne. Na tura hannuna har kafaɗa ban taɓo ƙasan rumbun ba. Daɗi ya kama ni. Na ce yau na samo abin da ko Malam bai sani ba. Na fito na mayar da jinka yadda take, na ɗauki fura na koma gona, Baba ya ce na daɗe, na ce Inna na jira.

Na zauna na rubuta shafi uku maimakon biyu. Na sa ƙanshin, na sa hasken, na sa dami bakwai. Sannan na kawo abin da nake taƙama da shi. Na rubuta cewa babana gwani ne wajen adana hatsi, domin yakan shimfiɗa kara a ƙarƙashin gero, zurfinsa ya fi tsawon hannun mutum, don kada damshi da gara su kai ga abinci. Ban tambayi kowa ba. Ni na ƙirƙiro dalilin a kaina, kuma ya zauna mini daram.

Malam ya karanta, ranar Laraba ya shigo aji yana murmushi. Ya sa aka haɗo mu da ɗaya ajin, ya ce yau zai karanta mana rubutun wanda ya sauko daga bene. Shi ɗan gidan malamai ne, hatsinsu a buhu yake zuwa, bai taɓa ɗaga jinkar rumbu ba. Ya karanta da muryarsa mai daɗi, yana tsayawa yana cewa, "Kun ji ko? Wanga ya sa hannu." Da ya zo wajen karan, 'yan cikin gari suka yi ta gyaɗa kai. 'Ya'yan manoma kuwa, na Kusada da na Yashe da na ƙauyukan kewaye, suka yi tsit. Ɗan maƙwabcinmu, wanda muke hawa mota ɗaya duk Juma'a, ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ni gogan naku na ɗauka daɗin rubutun ne ya kashe musu jiki.

Duk ɗan manomi a ɗakin nan ya san abin da ni ɗan fari ban sani ba. Ba mai shimfiɗa kara haka saboda damshi. Duwatsun da ke ƙarƙashin rumbu aikinsu ke nan. Kuma dami bakwai, a gida mai baki tara, da sauran wata biyu kafin sabon gero, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Bara ruwa ya ɗauke mana gero na tsakiyar fitar da kai, kowa ya san an yi asara, amma ba wanda ya san ta Baba ta kai haka. Shi ne mutumin da ake zuwa wajensa neman iri in shuka ta ƙi.

Ranar Juma'a na sauka daga mota ina tafe ina fito, na karyo kwanar gidanmu, sai ga amalanken shanu a ƙofar gida. Baffana ne, yayan Baba, da yaransa suna sauke dammunan gero suna shiga da su. Da rana tsaka, mutane na dawowa daga masallaci, kowa na gani. A zaure kuma ga buhun dawa rabi da maƙwabcinmu ya aiko. Baba na tsaye yana cewa, "Allah shi saka da alheri, Allah shi bar zumunci," fuskarsa ba yabo ba fallasa. Baffa ya ce masa, "Haba, kai ko. Ciki ɗaya muka hito, sai a bakin yara zan ji?"

Baba bai dake ni ba. Da ya dake ni da na ji sauƙi. Da safe Inna ta ce gero ya ƙare, sai ya ɗauko tsani ya kawo gabana ya ajiye.

"Hau ka ɗebo masu," ya ce. "Kai ka san abin da ke ciki."

Ya saɓa fartanyarsa ya fita. Na tsaya da tsani a gabana kamar an dasa ni. Inna ba ta dube ni ba, ta ce, "Kai wanga, mai da tsanin nan inda yake," ta ɗebi na Baffa da ke jingine a ɗaki ta sussuka.

Mako uku in na gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" ya ɗauke kai. A gona ya kama kunyarsa in kama tawa, ba hira, ba irin tsokanar da yakan yi mini cewa hannun biro ba ya riƙe fartanya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don na ga kamar na rasa babana yana raye. Na yi rantsuwa a raina na bar rubutu. Litinin ta zo na zari takarda na sa a aljihu ban ko warware ba. Ta biyu ma haka. A ta uku Malam ya tsare ni a bakin aji, ya tambaye ni ko na koma bene ne. Na buɗe baki zan ba shi amsa sai kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni.

Da ya ji abin da ya faru sai ya cire tabaransa ya ce, "Laihina ne. Ni na aike ka, kuma ni na yi shela."

Asabar da la'asar sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gidanmu, rigarsa duk taɓo, don hanyar ta jiƙe. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi damina da iyali. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Malam ya ba da haƙuri, ya ce shi jahilin rumbu ne, da ya san abin da ke cikin takardar da bai karanta ta gaban yara ba. Baba ya saurare shi har ya gama.

"Malam, ba komi. Abin da Allah ya rubuta ne. Amma ni kowa ya ji takardar nan ban da ni. Tana nan?"

Tana aljihun Malam. Baba ya ce ba Malam ne zai karanta ba, mai ita zai karanta. Na matso na durƙusa, na fara. Ina cikin bayanin jinka ya ɗaga hannu.

"Mi ka ce? Ciyawa? Gamba ce. Ciyawa ai ko akuya ta san ciyawa."

Na ci gaba. Na ce duwatsu takwas ne a ƙarƙashin rumbun.

"Tara. Akwai na tsakiya, ba a ganin shi sai an duƙa."

Da na zo wajen ƙanshin gero da hasken da ke saukowa, na ga ya daina jan carbinsa. Sai na iso wajen karan. Na so in tsallake, ya ce in karanta yadda na rubuta. Na karanta, har da gwanintarsa da damshi da gara. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Malam," ya ce, "ɗalibinka yana da ido. Ya gani, ba ƙarya. Amma bai tambaya ba."

Bai ƙara ba sai da muka tura wa Malam babur ya tashi ya tafi. Muna tsaye mu biyu a ƙofar gida, ya yi magana yana kallon hanya, ba ni ba.

"Ba don damshi ba ne. Uwarka ba ta leƙa rumbu, amma tana kallon mai hawa. In hannu kawai na zura, ta san da sauran alheri. In na shiga zuwa ƙugu, ta san an yi rabi. Ranar da ta ga na ɓace ciki gaba ɗaya, ba ta ƙara barcin kirki, kuma nata tuwon za ta riƙa rage ma yara. Na san halinta. Shi ya sa ranar da ta tahi Yashe wajen suna na cika ƙasan da kara." Ya juyo ya dube ni, karo na farko cikin mako uku. "Ita ta ɗauka dai gero ya yi ƙasa. Kada ka hwaɗa mata sauran. Bayan raina, ka rubuta in kana so. Amma ka rubuta daidai."

Washegari a gona ya ce mini hannun biro ba ya riƙe fartanya, na ji kamar an sauke mini dutse daga kai.

Litinin na sa hannu a gwangwani, na warware takardata a gaban kowa. Tun daga ranar kuma duk takardar da mutum ya zaro, in ya juya bayanta sai ya ga Malam ya ƙara wasu kalmomi da jan biro: ka gani, ka tambaya, ka nemi izini. Ya yi ritaya da daɗewa, ya rasu, ban san inda gwangwanin ya shiga ba. Na tambayi iyalansa, suka ce wataƙila an zuba ƙusoshi a ciki. Ina kewarsa, shi da babur ɗinsa da ba'arsa. Duk littafin da na rubuta daga baya, in na duba sai in ga daga gwangwanin nan ya fito.

Abin da nake gaya wa yaran da ke turo mini saƙo ke nan. Kada ku jira wani abu ya faru a garinku. Ku yanka takardu, ku rubuta abubuwan da kuka raina, turmi, igiyar guga, tabon da ke goshin kawunku, ku zaro ɗaya ku je ku sa hannu. In kun gani kada ku yi saurin cewa kun gane. Ku koma ku tambayi mai abin, sannan ku tambaye shi ko ya yarda duniya ta ji.

Baba ya rasu shekara biyu ke nan. Rumbun yana nan, amma ƙanena da ke riƙe da gidan a buhu yake ajiye hatsi, a ɗaki mai kwano da kwaɗo. Kaji ne ke kwana a tsakanin duwatsun tara. Na samu izinin Baba, amma labarin ba nasa ba ne shi kaɗai, saboda haka bana da na je gida bayan girbi na zauna kusa da Inna tana tsintar wake a faifai. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa mata duka, yadda ya faɗa mini a ƙofar gida. Ina jiran ta yi kuka.

Ba ta ɗago ba. Ta jefar da wani ɗan dutse daga cikin waken.

"Kai wanga, wa ke share gidan nan?"

Na ce ita.

"Na dawo daga Yashe na iske karan da muka tara na gyaran danga ya tahi, danga kuma tana nan yadda na bar ta. Ina kara zai je?" Ta ci gaba da tsinta. "Tun ranar na fara rage tawa malmalar. Shi yana can yana shiga zuwa ƙugu, yana hitowa yana kakkaɓe riga kamar mai arziki, ni kuma in ce mashi sannu da aiki."

Na ce, "Inna, ba ki taɓa gaya masa ba?"

"In gaya mashi mi? Mutum ya sha wahala ya kwashi kara da rana tsaka don in yi barci. Sai in ce mashi ban yi ba?"

Sai a lokacin ta ajiye faifan, ta kai bakin zanenta ta goge ido, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Na tambaye ta ko ta yarda in rubuta. Ta daɗe tana kallon rumbun.

"Rubuta," ta ce. "Amma kada ka sa sunan shi. Bai son a san gero ya yi ƙasa."